Hukuncin Bin Shirin Intanet Don Magance Rashin Barci

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na daɗe ina fama da rashin barci. Nakan kwanta da wuri amma ido biyu nake kai tsakar dare, in na samu na runtsa kuma ba na jimawa. Likita ya duba ni bai ga wata cuta ba, sai ya ce in shiga wani shiri na intanet da mutum yake bi da kansa a waya. Da na fara, sai na ga an ce in rage lokacin kwanciya, in bar ƙailula, in tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, har da darasin numfashi da natsar da zuciya. Ni kuwa na saba tashi tahajjud. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan tsarin waɗanda ba Musulmi ba ne, azkar sun ishe ni, kuma bin sa rauni ne a tawakkali. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Bin wannan shiri halal ne. Idan kuma rashin barcin ya fara taɓa maka salla da aiki da zaman iyali, neman maganinsa abin so ne a shari'a. Allah ya lissafa barci cikin ni'imominsa a Suratun Naba'i, inda ya ce ya sanya barcinmu hutawa, ya sanya dare sutura. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka. Ya kuma gaya wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa.

Ba a yanke hukunci kan abu sai an san shi. Mafi yawan waɗannan shirye-shirye an gina su ne kan hanyar da likitoci ke kira CBT-I, wato gyara tunani da ɗabi'un da ke raya rashin barci. Mutum yana rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa kullum, shirin yana ba shi umarni mako-mako, galibi tsawon makonni 6 zuwa 8. Manyan ginshiƙansa biyu ne. Na farko, wanda Richard Bootzin ya fito da shi a 1972, shi ne kada ka hau gado sai barci ya zo, in ka kwanta bai ɗauke ka ba ka sauka har sai ya dawo, domin ƙwaƙwalwa ta daina haɗa gado da juye-juye da zullumi. Na biyu, wanda Arthur Spielman da abokan aikinsa suka bayyana a 1987, shi ne taƙaita lokacin kwanciya ya yi daidai da barcin da kake samu a zahiri, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan idan barcin ya haɗu. Ƙungiyar likitocin cututtukan manya ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa da wannan hanya za a fara kafin ƙwayoyi, kuma a 2022 hukumar NICE mai tantance hanyoyin magani a Ingila ta amince da manhajar Sleepio, wadda irin wannan shiri ce. Babu tsafi a nan, babu kiran wanin Allah, babu cin haram. Sababi ne da aka gane ta hanyar gwaji, asalin irin waɗannan abubuwa kuwa halacci ne.

Ɗan'uwan da ya yi maka nasiha alheri yake nufi, amma bai dace ba. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓoɓi ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. Shugaban masu tawakkali ya yi magani, ya kuma umarci bayin Allah su yi magani, kamar yadda ya zo a hadisin Usama ɗan Sharik wajen Abu Dawud da Tirmizi. Batun cewa waɗanda ba Musulmi ba ne suka tsara shi ma ba ya hanawa: ranar hijira Annabi (SAW) da Abubakar sun ɗauki ɗan jagora wanda yake kan addinin Ƙuraishawa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Abin da ke raunana tawakkali shi ne ka ƙudurta cewa shirin ne ke ba da barci da kansa.

Inda nake so ka fi lura shi ne sallar asuba. Manhajar ba ta san kana salla ba, kai ne za ka gaya mata lokacin tashinka. Bai halatta ka zaɓi lokacin da ya wuce fitowar rana ka ce shiri ne ya tsara maka ba. Hadisin da ke cewa babu sakaci a cikin barci yana magana ne kan wanda barci ya rinjaya, ban da wanda ya kwanta da niyyar wuce lokaci. Mafita mai sauƙi ce: ka mayar da asuba ta zama lokacin tashinka, ka ƙirgo baya. Idan kana tashi ƙarfe 5:00 kuma an ba ka awa shida, kwanciyarka ƙarfe 11:00 ke nan. Ni a ganina mai kiyaye asuba ya riga ya mallaki abin da ya fi wuya a shirin, wato tashi lokaci guda kullum, har ranar hutu. Wanda yake ƙasar da dare ke gajarcewa ƙwarai a wani yanki na shekara, sai ya tashi ya yi salla, ya cike ragowar barcinsa bayanta, ya kuma shaida wa likitansa don a tsara da haka.

Tahajjud nafila ce mai girman falala, ba na so ka rabu da ita, kuma ba lallai ne ka rabu da ita ba. Abin da ke ɓata maganin shi ne ka sa ƙararrawa ta katse maka barci a tsakiyarsa. Lokacin sallar dare yana farawa daga bayan isha'i, ga shi an jinkirta maka kwanciya, to ka cika wannan tazara da nafila da karatu, ka yi wutiri kafin ka kwanta. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wanda yake tsoron ba zai tashi ƙarshen dare ba ya yi wutiri a farkonsa. Ko kuma ka matso da lokacin tashinka rabin awa kafin alfijir, ka tsaya a kai kullum, ka ga ka samu ƙarshen dare. In duk ka kasa na ɗan lokaci, Buhari ya ruwaito daga Abu Musa cewa idan bawa ya yi rashin lafiya ko tafiya, ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya a gida. Haka kuma idan aka ce ka sauka daga gado saboda barci ya ƙi zuwa, babu laifi ka zauna da zikiri cikin haske kaɗan, da zarar gyangyaɗi ya fara ka koma, daidai da hadisin Nana A'isha mai umartar wanda gyangyaɗi ya kama yana salla ya kwanta.

Ƙailula ba wajibi ba ce, barin ta na 'yan makonni saboda magani babu komai.

Darasin numfashi da sassauta gaɓoɓi halal ne matuƙar motsa jiki ne da tattara hankali kawai. Idan ka ci karo da maimaita kalmomin bautar wani addini, ko lafazin da ba ka san ma'anarsa ba, tsallake shi. Ma'aunin shi ne hadisin Aufu ɗan Malik a Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce a nuna masa ruƙiyoyin da ake yi, babu laifi da ruƙiya muddin babu shirka a ciki. In akwai kiɗa ka kashe sautin, maganin bai rataya a kansa ba. Azkar ɗin kwanciya kuwa kada ka bar su ko dare ɗaya: alwala, kwanciya a gefen dama, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, da tasbihin da aka koya wa Nana Faɗima da Aliyu. Ka yi su don ibada, kada ka riƙa duba agogo kana jiran ka ga ko sun yi aiki.

Saura sharaɗi ɗaya, kuma wajibi ne, saboda babu cuta babu cutarwa. Makonnin farko na taƙaita kwanciya suna ƙara jin barci da rana. Idan tuƙi kake yi ko aiki da inji mai haɗari, rayukan mutane suna wuyanka, bai halatta ka kama sitiyari kana gyangyaɗi ba. Mai farfaɗiya, da mai ciwon da ke kai mutum tsakanin zumuɗi mai yawa da baƙin ciki mai tsanani, da mai minshari wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, kada su fara sai da kulawar likita. Wanda yake shan ƙwayoyin barci kada ya yanke su rana ɗaya da kansa. Idan ka kammala makonnin shirin ba ka ga sauƙi ba, ko damuwa ta yi maka nauyi har kana jin ka gaji da rayuwa, ka koma wurin likitanka ba tare da jinkiri ba.

Wallahu a'alam.