Wa ya fi kowa tasiri a tarihin duniya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun yi gardama a majalisarmu a Tudun Wada, Zariya. Na ji ana cewa wani Bature ya rubuta cewa Manzon Allah (SAW) ne ya fi kowa tasiri a tarihi. Gaskiya ne? Kuma da wane ma'auni ake auna wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ne. Michael Hart ne, Ba'amurke masanin ilimin taurari, a littafinsa The 100 na 1978, wanda ya sabunta a 1992. Ya jera mutum 100, Annabi Muhammadu (SAW) a kan gaba, sai Isaac Newton, sai Annabi Isa (AS), sai Buddha, sai Confucius.

Amma a lura, tasiri ya auna, ba daraja ko nagarta ba. Shi ya sa har Hitler yana ciki. Ma'auninsa kuwa: wa ya karkatar da rayuwar mutane mafi yawa, tsawon zamani mafi nisa? Hujjarsa a kan Manzon Allah ita ce ya yi nasara ta fuska biyu, addini da mulki. An yi hijira a 622, ya yi wafati a 632, kafin a cika shekara 100 da wafatinsa daular Musulmi ta miƙe daga Andalus (Sifaniya ta yau) har Sindh (cikin Pakistan ta yau). Addinin Kirista kuwa, a ganin Hart, Bulus, ɗaya daga cikin masu wa'azin Kirista na farko, ya taka babbar rawa wajen yaɗa shi, don haka ya raba tasirin tsakanin Annabi Isa (AS) da Bulus, ya sa Bulus na 6.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaga littafin nan a wa'azi kamar wata hujja. Mumini ba ya jiran shaidar Hart. Ra'ayin mutum ɗaya ne. Da ya sauya na ɗaya a bugu na biyu, za mu sauya imani ne?

Wanda nake so ku tattauna a majalisa shi ne na 7, Cai Lun, ma'aikacin fadar sarkin Sin da ake danganta wa ƙirƙiro takarda a shekarar 105 Miladiyya. Kusan ba wanda ya san sunansa a Kasuwar Sabon Gari, amma ba don takarda ba, da injin buga littattafai na Gutenberg, na 8, bai sami abin bugawa mai araha ba. Ku da ke Tudun Wada ma, a yankinku aka kafa kamfanin buga littattafai na Gaskiya, kuma a Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ma a kan takarda suka iso gare mu.

Sayyidina Umar shi ma yana cikin jerin, can wajen tsakiya.