Idan jirginku ya tsaya a Salvador, ka sauka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka: jirginku na kwantena zai tsaya a Salvador ta ƙasar Birazil, za a ba ku izinin fita na kamar awa takwas, kana shawarar ko ka shiga gari ko ka kwanta ka rama barci. Na san nauyin barcin nan, na yi shekaru a ɗakin inji. Amma wannan garin kam, ka daure ka sauka. Sau uku na je, kuma har yau ina jin haushin zuwana na farko da na ƙare shi a kan katifa.

Garin hawa biyu ne. Tashar jirage da kasuwanni suna ƙasa a bakin ruwa, tsohon gari yana can bisa tudu. Daga ƙofar tasha ka ɗauki tasi zuwa kasuwar Mercado Modelo, ba nisa. A gabanta za ka ga wata doguwar hasumiya, ita ce Elevador Lacerda, lif ɗin da ke haɗa ƙasa da sama tun 1873. Tsayinsa mita 72, kuɗin shiga ɗan kaɗan ne, kafin ka gama kalle-kalle an kai ka sama. Kar ka ce za ka hau tudun da ƙafa ta lungunan da ke gefe, masu ƙwace suna nan.

Da ka fito sama, tsaya a dandalin nan tukuna. Ginin majalisar gari da ke fuskantarka, a ƙarƙashinsa kurkuku yake a da. A daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmi bayi da 'yantattu kusan 600 suka yi bore a garin nan, kuma nan suka fara nufa don su fito da wani dattijon malaminsu, Pacífico Licutan, da ke tsare. Yawancinsu Yarabawa ne, amma da Hausawa a ciki. Kafin su ma, Hausawa ne suka shirya tawayen 1807 da aka gano tun bai tashi ba, don yaƙe-yaƙen zamanin jihadi sun sa an kwaso mutanenmu da yawa an sayar a bakin teku, aka kawo su nan noman rake da dako. Masu boren 1835 sun fito da fararen riguna da layu a wuya. Da aka murƙushe su, an tarar da alluna da takardu masu ayoyin Alƙur'ani a gidajensu, wasu takardun suna ajiye a ma'adanar tarihin jihar Bahia har yanzu. Wani abokin aikina ɗan Birazil ne ya ba ni wannan labari a zuwana na biyu, muna tsaye a wurin. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Daga dandalin, tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Pelourinho, unguwar gidaje masu launi-launi da titin duwatsu. Sunan ma yana nufin ginshiƙin da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Salvador ce babban birnin Birazil daga 1549 zuwa 1763, shi ya sa tsofaffin coci-coci suka yi yawa haka. Idan lokaci ya ƙure maka, ka bar su ka shiga gidan tarihin Museu Afro-Brasileiro da ke dandalin Terreiro de Jesus. Masu ɗaura wa baƙi zirin ƙyalle a hannu za su tare ka, su ce kyauta ne, daga baya su nemi kuɗi. Ka ce "não, obrigado", wato a'a na gode, ka wuce. Wayarka ta zauna a aljihun gaba, agogo da sarƙa a bar su a jirgi.

Batun abinci da ka tambaya: za ka ga mata cikin fararen kaya da ɗaurin kallabi suna suya a bakin hanya. Abin da suke soyawa sunansa acarajé, kuma ƙosai ne, ba wani abu ba. Wake ne aka surfa aka niƙa da albasa, sai dai a manja ake soya shi, ya fi namu girma, a tsaga shi a zuba masa busasshen jatan lande da wani haɗi mai kauri. Idan ta tambaye ka "quente?", yaji take nufi, ba zafin wuta ba. Akwai moqueca kuma, miyar kifi da madarar kwakwa da manja, ita ce na fi ci hankali kwance. Feijoada ka guje ta, da naman alade ake dafa waken. Akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré inda ake Juma'a, lokacin da na je limamin ɗan Najeriya ne.

Kafin ka taka tsani ka sauka, karanta allon da aka rubuta lokacin ƙarewar izini, ka tabbata agogonka da na jirgi bakinsu ɗaya. Nijeriya tana gaban Salvador da awa huɗu, waya kan rikita mutum. Ka riƙe takardar izininka da lambar wakilin kamfani, ku fita ku biyu ko uku, ka dawo da saura awa guda a hannu don cunkoson yamma a unguwar Comércio ba wasa ba ne.

Tashar kwantenar da za ku tsaya tana unguwar Água de Meninos. A nan sojojin doki suka tare mutanen 1835 da asuba, a nan aka kashe mafi yawan waɗanda suka mutu, wasu suka faɗa ruwa suka nutse. Idan ka dawo da yamma, kafin ka shiga ƙofa, ka yi musu addu'a. Allah ya kai ku lafiya.