Tambayoyin Masu Karatu: Mawaƙan Amurka da Yin Tunani da Kai

Tambaya: Malam, an koya mana cewa wasu mawaƙan Amurka na ƙarni na 19 sun yi kira ga mutum ya yi tunani da kansa, kada ya bi yarima ya sha kiɗa. Shin wannan ba girman kai ba ne da raina magabata? Daga wata ɗalibar adabi.

Amsa: Malama, tambayarki tana kan hanya, amma abin da suke nufi ya fi haka zurfi. Kiran ya fito ne daga wasu marubuta da suka taru a yankin Concord na jihar Massachusetts a shekarun 1830, waɗanda suka yi imani cewa zuciyar mutum tana iya gane gaskiya kai tsaye, ba sai jama'a sun sa mata hannu ba. Jagoransu, Ralph Waldo Emerson, ya ajiye limancin wani coci a Boston a 1832 saboda zuciyarsa ba ta kwanta da wata ibada da yake jagoranta ba, kuma a 1841 ya fitar da maƙalarsa a kan dogaro da kai. Abin da ya tsana shi ne mutum ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba don tsoron bakin mutane.

A fagen waƙa, Walt Whitman ya buga waƙoƙi 12 da kuɗin aljihunsa a 1855, ya watsar da amsa-amo da karin da aka gada daga Ingila, har Emerson ya aika masa da wasiƙar yabo.

Ni dai wadda ta fi ratsa ni ita ce Emily Dickinson ta garin Amherst, wadda ta bar waƙoƙi kusan 1,800 alhali 'yan kaɗan ne aka buga tana raye. A wata waƙarta mai layi 8 ta nuna cewa rinjaye ne ke yanke wa mutum hukunci: idan ya ce to, sai a ce yana da hankali, idan kuwa ya ja da baya, nan take a ɗauke shi mai haɗari a ɗaure shi da sarƙa. Ki lura ba ta ce mai saɓa wa jama'a kullum yana da gaskiya ba, kuma ba ta zagi kowa ba. Tsadar da yake biya kawai ta ajiye a gabanmu. Mai girman kai yana neman a tafa masa, ita kuwa sai bayan rasuwarta a 1886 ƙanwarta ta gano tarin waƙoƙin a ɗakinta.