Wane yaren kwamfuta zan koya don haɗa manhajar lissafin kayan shago?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana da shagon kayan masarufi a Kano, yana saro kaya daga kasuwar Singa, yana sayarwa katan-katan da ɗaiɗai. Har yanzu a littafi muke rubuta komai, kuma duk ƙarshen wata lissafi ba ya daidaita. Na fara koyon rubuta manhaja, ina so in haɗa wadda za ta riƙe mana lissafin kaya. Wasu sun ce Python, wasu JavaScript, wani kuma ya ce sai Java. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sa wa kasuwar Baba albarka. Ka ɗauki Python, ka kuma koyi SQL, yaren da ake ajiyewa da ciro bayanai daga rumbun bayanai da shi, tun daga farko. Duk ukun da aka ambata maka za su iya aikin, don lissafin shago ba shi da nauyin da zai gagari ɗayansu. Na zaɓa maka Python ne saboda kai sabon hannu ne, shagon kuma ɗaya ne.

Guido van Rossum, wani mutumin Holan, shi ya fitar da Python a 1991. Rubutunsa gajere ne, abin da za ka yi a layi ɗaya ko biyu, a Java sai ka jera masa layuka. Amma babban dalilina shi ne abin da ke zuwa a cikinsa. Idan ka sauke Python, tare yake da SQLite, wato rumbun bayanai da ke zaune a fayil guda cikin kwamfutarka, ba ruwansa da intanet. Akwai kuma Tkinter na zana allon da yaron shago zai riƙa dannawa. Ba shi da kyan gani, gaskiya, amma yana aiki. Ranar da data ta ƙare ko netwok ya ƙi, ciniki ba zai tsaya ba. Haka nan idan aka ɗauke wuta ana cikin shigar da ciniki, ko dai ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam, matuƙar ka ɗaure matakan a matsayin mu'amala ɗaya. In wani ya ce maka yaren 'yan koyo ne, ka tuna masa cewa Odoo da ERPNext, manyan manhajojin da kamfanoni ke riƙe hajarsu da su, da Python aka rubuta injinsu.

JavaScript zai yi maka rana idan so kake Baba ya duba lissafi a burauzar wayarsa yana gida, sai dai zai sa ka koyi abubuwa da yawa a lokaci guda kafin ka ga sakamako. Idan manhajar Android zalla kake so, nan ne Java ko Kotlin suke shigowa, kuma tun 2019 Google ya fifita Kotlin. Ka bar su sai gaba.

Yanzu ga inda nake so ka fi ba hankalinka, domin a nan aikin 'yan koyo ya fi lalacewa, ko da wane yare suka yi shi. Kusan kowa yakan fara da gurbi ɗaya mai cewa taliya saura katan 40, in an sayar a goge a rubuta 39. Kada ka yi haka. Ranar da kuka ƙirga kaya kuka tarar da 36, ba za ka taɓa sanin inda ukun suka shiga ba. Ka sa kowane motsin kaya ya zama layi mai zaman kansa: me ya shigo ko ya fita, nawa, yaushe, wa ya shigar, saboda me. Sari layi ne, sayarwa layi ce, kayan da kwastoma ya dawo da su layi ne, wanda ɓera ya ci ko ruwa ya ɓata layi ne. Har sabulu da madarar da Baba ya ce a kai wa Hajiya gida sai sun samu layinsu, kuma a ganina a irin wannan ne lissafin shagunan gida ya fi zubewa, ba a sata ba. Ragowar kaya kuwa kwamfuta ce za ta haɗa jimillar layukan ta faɗa maka. In an yi kuskure ba a gogewa, sabon layin gyara ake sawa.

Sai batun awo. Tunda kuna sayar da katan da ɗaiɗai, ka ajiye adadi da mafi ƙanƙantar abin da kuke sayarwa. A ce katan na ɗauke da guda 20, to katan 5 guda 100 ke nan a rumbu, allo ne kawai zai nuna shi katan-katan. Haka buhu da mudu.

Kuɗi ma ka ajiye su da kobo, lamba cikakkiya. Naira 1,250.50 ta zama 125050. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga ya ba ka 0.30000000000000004, kuma JavaScript da Java ma haka suke yi, saboda yadda kwamfuta ke riƙe ɗigon lamba. Wannan ɗan burbushin in ya taru sai ya hana lissafi rufewa. Kuma kowane layin ciniki ya riƙe farashin da aka sayar da na sarin wannan rana. Ka san yadda farashi ke tashi a kasuwa tsakanin safe da yamma. In manhajarka farashin yau kaɗai ta sani, ribar watan jiya da za ta nuna maka ƙarya ce. Bashi kuma ka ware masa teburinsa, wato jadawalinsa a cikin rumbun, kowane biya da layinsa, tunda masu karɓar kaya ba sa biya lokaci guda.

Na'urori ba su kai yadda ake tsoronsu ba. Yawancin sikanonin bakod kamar kibod kwamfuta ke ɗaukarsu, lambar kawai suke bugawa inda ka ajiye alama. Bakod ɗin kayan masarufi galibi lamba 13 ne, waɗanda aka yi wa rajista a Najeriya kuma da 615 suke farawa. Abin da ba shi da bakod, kamar sukarin awo, ka ƙirƙira masa lambarku. Ƙananan firintocin rasit masu takarda milimita 58 ko 80 yawanci da umarnin ESC/POS na Epson suke aiki, kuma akwai laburaren Python, wato shiryayyen kod da wasu suka riga suka rubuta, da ya san shi.

Ka fara da ɗaukar littafin Baba ka zauna da shi, ka ga irin abubuwan da yake rubutawa da waɗanda yake riƙewa a ka. Daga nan ka haɗa teburan, ka gwada shigarwa da fitarwa da rubutu zalla, allo ya zo daga baya. In ta fara aiki, kada ku jingine littafin. Ku tafi da su biyun na wata ɗaya ko biyu har sai lissafinsu ya zo ɗaya. Kullum kafin a rufe shago a kwafi fayil ɗin SQLite a filashi, a tafi da shi gida. In Allah ya buɗa aka samu shago na biyu, lokacin ne za ka koma PostgreSQL, babban rumbun bayanai, da Django na haɗa manhajar intanet, wanda shi ma na Python ne, kuma SQL ɗin da ka koya zai bi ka can.