Tambaya da Amsa: Fitilar filash ta hana ni barci

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, na haɗa Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, yana rubuta bayanan batirin solarmu a kan filash, to fitilar filash ɗin nan ja ce kuma kwana take tana kiftawa a ɗaki har abokin zamana ya fara mita, akwai wani umarni da zan buga ta mutu amma filash ɗin ya ci gaba da aiki? Kuma in ta daina kiftawa zan iya zare shi kawai?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanina. Gaskiya wannan fitilar ba ta hannun Pi ɗinka, ƙaramin cip ɗin da ke cikin filash ɗin shi ke kunna ta yana kashewa yadda kamfani ya tsara, shi ya sa wani filash yana kiftawa sai ana rubutu kawai, wani kuma da ka soka shi fitila ta kama kenan. Abin da kake iyawa daga waje shi ne yanke wutar ramin USB da wata manhaja mai suna uhubctl, amma a Pi 4 ramukan guda 4 wutarsu a haɗe take, kana kashe ɗaya duk sun tafi har da kibod, kuma filash ba wuta ai ba rubutu. Don barci kam, ɗan baƙin salatif na masu wayarin ka manna a kai, kowane shagon kayan lantarki a Sabon Gari akwai shi.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna. Kar ka yarda da shirun fitilar nan ko kaɗan. Linux, tsarin da ke tafiyar da Pi ɗin, yakan ajiye abin da ka rubuta a RAM, ma'ajiyarsa ta wucin gadi, tukuna, yana iya kai daƙiƙa 30 kafin ya tura shi cikin filash, a wannan tsakanin fitila ta yi tsit kamar an gama alhali ko farawa ba a yi ba, kai kuma ka zare, gobe ka buɗe fayil ka tarar babu komai ko ma filash ɗin ya ce sai an yi fomatin. Ka buga umarnin sync don ya tura sauran rubutun cikin filash, sannan umount don Pi ya sake shi, kafin ka taɓa shi.

In kana son fitilar da za ta ji maganarka, haɗa taka. 'Yar fitilar LED ɗaya, rezista mai ohm 330 don rage mata wuta, ka jona a fil ɗin GPIO guda (filayen jona waya da ke jikin Pi) da GND (fil ɗin negatif), sai ɗan gajeren shiri da zai riƙa leƙa /sys/block/sda/stat, fayil ɗin da Linux ke ƙirga karatu da rubutun filash a ciki, in lambobin rubutu sun motsa ya kunna ta. Ni da ni ne ma sai in juya abin, koriya ta kama bayan umount ya yi nasara kawai, ta yadda ko ba ka ɗaki abokin zaman naka ya san lokacin zarewa. Kuma tunda taka ce, sa mata ta yi shiru daga ƙarfe 10 na dare.