Ƙullutu a ganɗa: me hoton MRI zai nuna?

Tambaya: Likita, shekarata 43. Kusan shekara biyu ke nan da wani ƙullutu kamar kan ɗan yatsa ya fito min a ganɗa. Ba ciwo, ba jini. Likitan haƙori ya ce haƙorana lafiya lau, amma ya tura ni hoton MRI. Abin da ba ya ciwo, ina ruwansa da wannan hoto?

Amsa: Malama, likitanki ya yi daidai. Ban da manyan maɓuɓɓugan yawu da ke gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da harshe, akwai ƙanana ɗaruruwa a leɓe, kunci da ganɗa. Idan ƙari zai fito a cikinsu, ganɗa ya fi so. Wanda aka fi gani cikin marasa mugunta, wato waɗanda ba sankara ba, shi ne filiyomofik adinoma: girma a hankali, tauri kamar roba, ba zafi.

Sai dai kusan rabin ƙarin da ke fitowa a waɗannan ƙananan maɓuɓɓugan yawu sankara ne, kuma ita ma shiru take farawa. Shi ya sa rashin ciwo ba ya kwantar min da hankali.

A MRI iyakar ƙarin nake fara dubawa. Mara mugunta yakan fito a dunƙule, gefensa sumul, yana haske a hoton da ake kira T2. Sannan in bi jijiyar da ta ratsa ganɗa, domin akwai sankarar da ke bin jijiya ta haura sama. Idan ana shakkar ƙashi sai a ƙara da hoton CT, wanda ya fi nuna ƙashi, a ga ko ƙarin danna ƙashin kawai ya yi ya lotsa, ko cin sa yake yi. Sikanin irin na masu ciki yana amfani a leɓe da kunci, amma a ganɗa da wuya ya isar.

Duk kyan hoton, ba zan rantse a kansa ba, don sankara mai sanyin tafiya takan fito da siffar mara mugunta. Dole a yanki ɗan tsoka a duba a madubin likita, kuma gara hoto ya riga yanka, kada kumburi ya rikita abin da za a gani.

Ko sakamako ya yi kyau, cire shi ake yi gaba ɗaya, don idan ya daɗe zai iya juyewa ya zama sankara. Ki faɗa wa masu ɗaukar hoton idan akwai ƙarfe ko na'ura a jikinki, domin MRI da maganaɗisu take aiki. Idan wurin ya fara gyambo ko jini, ko ya mutu ba kya jin taɓawa, kada ki jira ranar da aka ba ki.