Direban tirela daga Legas zuwa Kanada: akwai aiki?

Malam, ka ce kana jan tirela daga Apapa zuwa Kano, kana so ka san ko za ka samu aiki a Kanada. Aiki akwai, amma lasisinka na Najeriya ba zai ba ka damar hawa babbar mota a can ba. A lardin Ontario sai ka samu lasisin AZ, wato na jan tirela mai birkin iska, kuma tun 2017 dole ka fara yin horo na sama da sa'o'i 100 a makaranta. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Ga tuƙi a kan ƙanƙara, wanda ko go-sulo ɗin Apapa bai koya maka shi ba.

Kafin nan kuma sai kamfani ya ba ka aiki, galibi da takardar LMIA, wato shaidar gwamnatin Kanada cewa kamfanin na iya ɗauko ma'aikaci daga waje. A nan 'yan damfara ke cin kasuwa. Dokar Kanada ta hana a karɓi kuɗin wannan takarda daga hannun ma'aikaci, don haka duk ejan da ya ce ka biya ta, ka kama gabanka. Bizar yawon buɗe ido ma ba ta aiki ba ce.

Ka karɓi takardar shaidar shekarun aiki daga maigidanka, ka gyara Turancinka. Maganar biza kuwa, nemi lauya ko mai ba da shawara mai rajista da CICC, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice a Kanada, ka duba sunansa a shafinsu kafin ka sayar da komai.